Yadda Ake Shirya Landirofa Ta Shiga Laka Ta Ƙi Fita

Kai da ka sayo tsohuwar Landirofa a gwanjon ma'aikatar gona a Funtua, alhali ba ka taɓa riƙe komai ba sai kan keke da garma, matso kusa. In ka bi matakan nan ba tsallake, na yi maka alkawari kafin gero ya nuna babu wanda bai san sunanka ba daga Dayi har Malumfashi. Ni Rahab ba bakanikiya ba ce. Amma damina guda na yi ina kallon gwanin wannan aiki a cikin gidana, wato mijina Enoch, Baban Liatu, da 'yarsa goye a bayana.

Mataki na 1: Nemo dalilin da zai rufe bakin uwa

Kada ka ce sha'awa ce. Ka ce don yarinya ne.

"Rahab, dubi hanyarmu da damina. In Liatu ta tashi da zazzaɓi, da me za mu kai ta asibitin Malumfashi?"

Wace uwa ce za ta yi musu? Tana yin shiru, ka kwance shanun huɗarka biyu, Ja da Baƙi, ka sayar wa maƙwabcinka Malam Sanda, ka haɗa masa da amalanken. In ya ce, "Enoch, ka yi shawara da gonarka kuwa?" ka ce masa duniya ta ci gaba.

Mataki na 2: Fara da abin da kunne ke ji

Je tashar Funtua wurin Bature mai kayan ƙawar mota. Za ka gane shi, shi kaɗai ne zai kira ka Ranka-ya-daɗe. Ka ce ya ɗaura maka hon na tirela, irin mai sa akuya ta yi ɓari. Masu hikima sun ce motar da ba a ji zuwanta ba, ba ta zo ba. Ranar Lahadi ka danna shi a ƙofar coci ana tsakiyar addu'a, don jama'a su san Ubangiji ya yi maka albarka.

Mataki na 3: Fitilu

Jere su a kan rufi, ja da kore da ruwan ɗorawa. Kada ka damu da cewa kaji na shiga akurki kai ma kake shiga ɗaki. In batir ya gaza ɗaukarsu, ai shi ya sa aka halicci gangare da matan unguwa masu turawa.

Mataki na 4: Rage mata kayan da ba su da kyan gani

Za ka ga safayar taya zaune a kan bonet, ta tare wurin ado. Sauke ta. A gurbinta mai walda ya kafa maka ƙahonin bijimi da ka roƙo a mahauta. Eh, ka sayar da shanu masu rai ka ɗora ƙahon matacce, wannan shi ake kira ci gaba. Jak da shebur da sarƙar ja kuwa, ka jibge su a zaure, don akwatunan rediyo mai kaset su sami wurin zama. Wanda ya ɗauki shebur ai tun daga gida ya yi wa kansa fatan maƙalewa.

Mataki na 5: Kada ka kalli ƙasa

Nan ne sababbin shiga ke ɓata dukiya. Matarka za ta duƙa, ta shafa taya, ta ce, "Baban Liatu, wannan ai ta suɗe kamar bayan ƙwarya. Kuma ƙofar gefena da igiyar rama ake ɗaure ta. A nan zan zauna da yarinya?"

Ka yi dariya, ka ce, "Ke me kika sani a mota? Daka kika iya."

Gaskiyarka. Wa ke kallon taya? Abin da za ka kashe a taya, kai wa mai fenti ya rubuta maka a baya da manyan baƙaƙe: LAKA BA KI ISA BA. Akwai kuma wata 'yar giya a gefen babbar, wadda aka yi musamman don fita daga laka. Kada ka tambayi kowa yadda ake sa ta. Namiji ba ya tambaya. Rataya mata tuntu.

Mataki na 6: Kada ka gwada ta sai ranar da ake buƙata

Jira watan Agusta, da safe bayan ruwa ya kwana yana zuba, ranar da jikin yarinya ya yi zafi kamar kaskon suya, ta ƙi nono, idonta yana juyewa. Ku ɗauki hanya. A fadamar da ke gaban gari kowa yana bi ta gefen tudu ne. Kai ka bi ta tsakiya, ai an riga an rubuta a bayan mota.

Za ta nutse har ƙofa. Taka mai, tayoyin su yi ta juyi suna yi wa rubutun nan wanka. Kunna fitilu. Danna hon.

"Rahab, kwantar da hankalinki, injin ne ke ɗaukar numfashi."

"Ita kuma Liatu wa zai ɗaukar mata nata?"

A nan, in matarka irina ce, za ta tsinke igiyar ramar da haƙori, ta dira cikin laka har gwiwa da yarinya a ƙirji. Hon ɗin dai ya yi rana sau ɗaya, ba zan ci haƙƙinsa ba: shi ya juyo da Malam Sanda daga hanyar gona, a kan amalanke, Ja da Baƙi suna tafe a natse.

"Hau, Maman Liatu," ya ce da ni. "Malam Enoch, kai ka tsare mana ci gaban, za mu dawo."

Suka bi ta gefen tudu, ba hon ba fitila, suka sauke ni bakin titi a Dayi, na sami bas. A asibiti aka yi wa Liatu allura, aka ce da na ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Ni dai ina ta kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka.

Mataki na 7: Kare mutuncinka

Da la'asar shanun da ka sayar za su dawo su jawo ka, da sarƙar aro, a gaban duk masu dawowa daga gona. Zauna a sitiyari ka riƙa murzawa, don a ga kamar da kai ake yi. Gobe a dandali ka ce ƙasar nan ce ba ta dace da motar ba.

Hattara

Duk wanda ya bi wannan jagora ya kwana a fadama, kada ya aiko mini. Ba ruwana, ba ruwan motar, baiwar Allah, yadda aka shirya ta haka ta yi. Ba na biyan diyyar takalmin da laka ta cinye, ko girman da ya zube a gaban Malam Sanda. Mai neman shaida ya zo ya ga tamu a ƙofar gida, da ƙahoninta. Makullin yana ɗaure a bakin zanena, kuma ba zai kwance ba sai na ga sababbin tayoyi, da ƙofa mai rufuwa, da shebur a ciki.

Liatu ta warke, har ta fara magana. In Ja da Baƙi suka wuce, takan nuna su da yatsa ta ce, "Baba, mota!" Ban gyara mata ba.