Jakada a Ɗakin Tsintsiya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na zama jakada. Ina karatu a Dutsin-Ma lokacin, sai malaminmu na dokar ƙasa da ƙasa, Malam Lawal, ya shirya mana zaman kwaikwayo. Kowa aka ƙirƙira masa ƙasa, aka kawo yarjejeniyar hana azabtar da mutanen da ke tsare, aka ce mu shiga. Makin zangon kacokan a kan zaman ya rataya.

Malam ya koya mana cewa sa hannu kaɗai ba ya ɗaure ƙasa, sai ta tabbatar daga baya. Kuma tana iya shiga da togaciya, wato ta ce na yarda da komai ban da sashe kaza. A nan na daina saurare. (Sauran bayanin ya wuce ina tunanin rigar da zan sa.)

Na je Kurfi na aro babbar rigar Kawu Isa, mai sayar da hatsi. Ya ce ai sai ya zo ya ga ɗan ƙanwarsa yana magana da yawun ƙasa. Ya kuwa zo, ya zauna a layin baya yana washe baki.

Da aka kira ni, na miƙe na gyara hannun riga. "Ƙasata ta shiga da zuciya ɗaya," in ji ni, "sai dai ta toge sashen da ya hana dukan wanda ake tuhuma." Na juya ina jiran tafi.

Bilkisu, jakadiyar maƙwabciyar ƙasa, ta ɗaga hannu. "Ba mu yarda ba. Malam, in ya cire hana duka, me ya shiga kenan? Bangon littafin?"

Aka yi dariya. Malam Lawal ya ce tana da gaskiya: togaciyar da ta rushe ainihin manufar yarjejeniya ba ta da inganci. "A wannan zaman, togaciyarka ta faɗi, yarjejeniyar kuma ta hau kanka ɗungurungum."

Mai hankali zama zai yi. Ni kuwa na ce ƙasata 'yantacciya ce, ba mai yi mata dole. "In haka ne, mun fice!"

"Wannan yarjejeniyar ba ta da sashen ficewa," in ji Malam, ko ɗago kai bai yi ba.

"To ku gani da idonku."

Na tattara riga, na taka da isa, na buɗe ƙofar da ke kusa da allo, na shiga, na bugo ta da ƙarfi. Duhu. Warin kalanzir. Ƙafata cikin bokiti. Jama'a, ɗakin ajiye tsintsiya ne. (Baƙon zaure aka ba mu ranar, ban san ƙofofinsa ba.)

Dariyar da ta tashi har bango na ji tana girgizawa. Na jiyo Bilkisu tana cewa, "Malam, a aika musu da agaji?" Na rantse a raina ba zan fito ba. Ƙasar da ta fice ba ta leƙowa. Haka na tsaya, zufa na bin bayana, ina jin sauran ƙasashe na shiga ɗaya bayan ɗaya.

Sai da aka watse Kawu ya buɗe ƙofar. Ya daɗe yana kallona. "Kai, ɗan nan, ƙasar taka ba ta da faɗi."

Na maimaita darasin a shekara ta gaba, kuma na ci. Har gobe ina kan bakana cewa ban janye maganata ba, ban ba kowa haƙuri ba, Bilkisu ma ta sani. Abu ɗaya dai na koya: duk taron da na shiga yanzu, kafin in fara fushi, sai na tambayi inda ƙofar fita take.