Ranar da Na Harbo Jirgi da Taɓarya

Ni a gidana ko allura ba ta ɓuyar mini. Da wannan taƙamar na shiga share ɗakin babban ɗana, wanda ya bar aikin gyaran jiragen soja ya dawo Daura yana harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba.

A ƙarƙashin teburinsa na tarar da kwano da ruwa. A ciki akwai 'yar kujera kamar ƙwallon dabino, da ɗan mutum-mutumi, kai daban, hannaye daban. Wa zai gaya mini sammu? Ban tambayi kowa ba. Na yi bisimilla na zuba su a turmi, na ɗauko taɓarya na hau daka. Matarsa Rabi ta ce, "Inna, da kin jira shi." Na ce, "Ke yarinya ce."

Da ya dawo daga masallaci na nuna masa garin, ina jiran godiya. Ya daɗe yana kallon turmin.

"Inna, ɗakin matuƙin jirgin da nake haɗawa ne. Wata huɗu ina jiransa daga Turai, da ƙaro aka yi shi, kuma sun daina yin irinsa. Wanke shi nake kafin fenti."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Washegari ya sa wa ƙofarsa kwaɗo, a gidan da na haife shi. Jirgin yana nan da rami a goshi.

Yau shekara shida, ko shirwa ce ta gifta sai Rabi ta ce, "Inna, ga wani can, in miƙo taɓaryar?"