Farfesan Lagireto da Motar Ƙanƙara

A duk layin masu gyaran mota babu mai ilimin Farfesa. Shi ma ya sani, kuma ba ya ɓoyewa, don a wurinsa ɓoye ilimi zalunci ne. Ya taɓa zuwa kwas a ƙasar waje. Masu hassada sun ce rakiya ya yi, amma ga hotonsa nan a bangon gareji, tsaye kusa da wani injin da bai taɓa ba. Tun daga lokacin yake sa farar riga irin ta likitoci, kuma baƙin mai bai taɓa samun darajar hawa kanta ba. Ma'aikatansa ke kwancewa da ɗaurewa. Shi nasa tunani ne.

Ranar da mijin ƙanwarsa, wani direba, ya shigo da tsohuwar motar kayansa, hancinta na tururi, Farfesa yana shan shayi. A bayan motar ƙanƙara ce maƙil, an lulluɓe ta da buhuna, masu kifi na jiranta a kasuwa. Sun riga sun gaya wa direban cewa in ya sake makara, wani za su ba aikin.

"Yaya, a taimaka. Allurar zafi ce ke hawa har ja, ga kaya na narkewa."

"Gaggawa," in ji Farfesa, "ita ta hana mutanenmu ƙera ko da keke. A can waje, kafin a taɓa inji sai an fahimci halinsa."

Ya ƙarasa shayinsa. Aka tayar da mota, ya rufe ido, ya kara kunne kusa da bonet. Bel ɗin fanka ya saki, yana ta ƙara kamar ɗan akuyar da aka taka wa wutsiya, fankar ma da ƙyar take juyawa. Farfesa ya yamutsa fuska.

"Wannan bel ɗin ya cika surutu. Ya hana ni jin ciwon."

Duk da haka ya ji. Ya ce laifin ɗan ƙarfen nan ne da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, wanda aka ƙera don ƙasashen sanyi. Aka cire, aka jefar. Aka tayar, allura ta hau abinta.

Farfesa bai girgiza ba. Manyan masana ba sa kuskure, sai dai su kawar da zato. Ya zagaya motar hannu a baya, sai ya hangi ruwa na ɗiga daga ƙarƙashinta, ya gangaro har gaban taya. Nan ya yi abin da ba a saba gani ba: ya durƙusa, ya sa yatsa.

"Sanyi ƙalau! Ku matso ku ƙaru. Injin nan yana zubar da ruwan sanyi, yana riƙe na zafi. Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa, a can."

"Yaya, anya ba daga baya yake..."

"Kai da ke tuƙi, ni da na karanta, wa zai faɗa wa wani?"

Direba ya ja da baya. Mutum ba ya musu da wan matarsa a gaban jama'a, balle wanda ya hau jirgi.

Aka sauke lagireto, aka tsoma shi a ruwa, aka hura, aka duba kowane tiyo. Babu huda. Farfesa ya ce wannan ya tabbatar da maganarsa, domin huda mafi haɗari ita ce wadda ido ba ya gani. Aka yi wa lafiyayyen lagireto faci, aka mayar. Rana ta take. Wayar direba sai ƙara take yi, ya kasa ɗauka.

Aka tayar. Allura ta hau.

Farfesa ya daɗe yana kallonta, kallon da babba ke yi wa yaron da ya ƙi gaishe shi.

"Na gano. Injin lafiyarsa lau. Allurar ce maƙaryaciya."

Ya sa aka cire mata waya. Allura ta kwanta a ƙasa, ladab kamar ba ita ba. Ma'aikata suka yi kabbara, Farfesa ya ɗaga hannu cikin tawali'u, ya ce baiwa ce, ba yin kansa ba.

Motar ta kai har kwanar layi. A nan ta yi tari, ta saki farin hayaki, ta mutu, allurarta na nuna sanyi. Majiya ƙarfi suka turo ta, suka dawo da ita gareji. Ba ta yi musu nauyi ba.

Direba ya hau baya ya yaye buhunan. Ya tsaya yana kallon jiƙaƙƙen katako, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, yanzu me zan kai wa masu kifi?"

Farfesa bai ji shi ba. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya miƙe yana murmushi, ya gyara farar rigarsa.

"Kun gani? Yoyon ya tsaya."