Yadda Za Ka Tashi Daga Gasar Eshek da Sarkinka a Raye

Ni Malam Yelwa na New Bell ban taɓa zama a aji ba, amma ruwan Duwala da ya sha cin ɗakina bai ci ni ba. Duk majalisar mai shayi ta san ba a taɓa kashe mini sarki a eshek ba, darar Turawan nan. Sunan da nake taƙama da shi ke nan. Bi matakan nan, naka ma ba mai kashewa.

1. Fara da gaisuwa.
Za ka ga agogo a gefen allo, kada ka kula shi. A gasar unguwa an haɗa ni da Usaid ɗan Zailani, ma'aikacin ofis a Bonapriso. Ya tura sojansa, ya danna agogo, ni kuwa na tambaye shi gajiya, da aiki, da ciwon ƙafar babansa. Ya ce, "Baba, lokacinka ne fa ke tafiya." Na ce, "Tun kafin a haife ka yake tafiya."

2. Tura sojan gefe.
'Yan boko sojan gaban sarki suke turawa, wai haka littafi ya ce. Wane mai hankali ke buɗe ƙofar maigida baƙi na waje? Buɗewar Usaid har suna gare ta, wai Italiyen. Tawa ba ta da suna, to ina zai nemo maganinta?

3. Idan an ci maka doki, yi dariya.
Sai yaro ya ɗauka tarko ne.

4. Idan sarauniyarsa ta tsaya a kan sarkinka, 'yan majalisa suka daina kurɓar shayi, tuna zumunci.
Ni nan na tuna matar Usaid ta haihu, ban yi masa barka ba. Na miƙa hannu, ya karɓa da hannu biyu, don ɗan gidan mutunci ne. Alƙalin wasa ya tsayar da agogo, wai a dokarsu miƙa hannu sallamawa ce. Usaid ya ce, "Haba Baba, ai da ka bari na ƙarasa." Na ce, "Allah ya raya." Aka kwashe allo, sarkina a tsaye, kowa shaida ne.

Gargaɗi: idan ka kai mataki na huɗu ka tarar abokin wasanka gwauro ne, kada ka zo mini majalisa da ƙorafi. Ni sai da na bincika kafin in zauna.