Ranar da Na Tare Majigi da Babbar Riga

Ni ke kula da ɗakin karatun makarantarmu, kusa da Minjibir. Da aka gayyace ni taro a Kano kan manhajar kyauta ta adana littattafai a kwamfuta, sai na ɗauki hotunan tsofaffin takardun Kawu Sale don in burge. Ya ja mini kunne: "Ka cire shafin laƙanin korar tsuntsaye daga gero, sirrin gidanmu ne." Na ce an gama.

Da malamar taron ta ce kowa ya gwada ɗora wani abu, na riga kowa. Na tura hotunan gaba ɗaya, na manta ban cire shafin ba, na harɗe hannu ina kallon masu digiri suna lalube.

"Na Malam ya hau," in ji ta. "Haka duniya za ta riƙa ganinsa."

Ina ɗaga kai, sai ga laƙanin Kawu majigi ya hasko shi ɓaro-ɓaro a bango. Na zabura na tare wurin, na baza farar babbar rigata. Ashe rubutun majigi ya fi fitowa a kan farin yadi. Wani dattijo har ya gyara tabarau ya fara karanta cikina.

Sai da malamar ta gama dariya ta ce gwaji ne kawai, bai wuce ɗakin ba, ta goge. Dattijon kuma, alhamdulillahi, ya ce rubutun Kawu ya gagare shi.

Sai dai akwai wani ɗan Gezawa a taron da ya san Kawu, shi ya kai masa labari. Har yau, in tsuntsaye suka sauka a gona, Kawu kan ce, "A kira mai riga ya zo ya tsaya."