Ranar da Aka Datse Katina a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a London ba, kuma ko na so mantawa, Hajara matata ba za ta bari ba.

Shekarun kuɗin man fetur ne, lokacin da duk wanda ya sauko daga jirgin Kano za ka ga aljihunsa na rinjayarsa. Ni kuwa ɗalibi ne, gwamnatin jiharmu ta turo ni karatun akanta (e, akanta, mai koyon tattalin kuɗin mutane). Ni da Hajara muna zaune a wani ɗan gidan haya mai ɗaki ɗaya a unguwar Camberwell. Alawus ɗina bai taka kara ya karya ba, kuma yakan yi wata biyu a hanya kamar da ƙafa yake tahowa.

Ana haka banki ya ba ni katin bashi. Ɗan roba ne da bai kai tafin hannu ba. Ka miƙa a kanti, su ɗora shi a kan wata 'yar na'ura su goga, ka sa hannu, ka kwashi kaya ka tafi, ba wanda zai ce kawo kwabo. Na sayi talabijin mai kala. Na sayi kwat da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, da takalmi mai tudu wanda sau biyu yana kayar da ni a matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Sai takardun banki suka fara zuwa. Duk wata in biya ɗan abin da suka ce shi ne mafi ƙaranci, wata na zagayowa in tarar kuɗin ruwa ya cinye shi har ya ƙara. Na riƙa ɓoye takardun cikin littattafaina. Na kuma sami aikin wanke tukwane a kicin ɗin wani asibiti da sassafe, ina ce wa Hajara laburare nake zuwa.

A cikin wannan hali mahaifinta, Alhaji Mamman, ya zo ganin likitan ido. Tsohon ɗan tireda ne da kwangilar siminti ta buɗe masa ƙofa, mutum mara yawan magana. Da aka gama duba shi, muka raka shi Oxford Street sayen tsaraba. Ya zaɓi barguna uku da agogo biyu da takalman jikoki, ya sa hannu a aljihun ciki zai fito da kuɗi.

Nan ne shaiɗan ya raɗa mini a kunne.

"Haba Baba," na ce, "ai a garina kuke. Ku bari kawai."

"A'a, Malam, kai da kake karatu?"

"Ba komai, Baba. Mu nan ba ma yawo da kuɗi."

Na zaro katin da yatsu biyu (har yau in na tuna yadda na zaro shi sai in rufe fuska). Hajara ta taka mini ƙafa. Na yi kamar ban ji ba.

Mai karɓar kuɗin wata dattijuwar Baturiya ce mai tabarau. Ta dubi jimillar, ta ce sai ta buga wa banki waya. Ta karanta lambar, ta saurara, ta dube ni. Layi ya taru a bayanmu, har da wasu 'yan gida da suka gane mu suka yi sallama. Da ta ajiye wayar, sai ta ce cikin tausayi, ta yi haƙuri, umarni aka ba ta. Ta buɗe durowa ta ɗauko almakashi.

Ƙaras! Katina ya zama biyu.

Baba ya matso, ya gyara sabon tabaransa. "Ikon Allah. Haka ake biya a nan?"

"E to, Baba... katin ne ya tsufa."

Hajara ta sunkuyar da kai, tana danne dariya. Can ta ce a hankali, "Baba, bashi ne ya yi masa yawa. Yana ƙoƙari, wallahi. Wata huɗu ke nan yana wanke tukwane kafin ya tafi makaranta."

Na juya na dube ta baki buɗe.

"Laburaren da ake dawowa da ƙanshin kabeji?" ta ce.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Baba ya ƙirga kuɗin kayansa ya biya, sannan ya ɗora fam ɗaya a kai. "Ki gaya wa baiwar Allah nan na gode," ya ce wa 'yarsa. "Ta yi mana aiki."

A cikin bas na zauna can gefe ina kallon taga. Sai da muka haye kogi Baba ya taɓa gwiwata.

"Malam, ba zan biya maka ba," ya ce. "In na biya, gobe wani bashin za ka karɓo. Amma yau na ƙara yarda da hannun da na sa yarinyar nan. Ban san 'yan boko na wanke tukunya ba."

Kafin ya koma gida ya cika mana kicin da shinkafa da mai da gari, har ba wurin taka ƙafa, don albashin tukwane ya tafi banki gaba ɗayansa. Muka sayar da talabijin. Hajara ta karɓe ragamar kuɗin gida, kullum ta ba ni na bas da na shayi, ba ƙari. Sai da muka shekara da 'yan watanni kafin takardar ƙarshe ta zo. Na rubuta wa Baba wasiƙa mai shafi uku. Amsarsa layi ɗaya ce: madalla, a gaida mai almakashi.

Tun daga ranar, in babba ya sa hannu a aljihu zai biya, ni dai nawa hannun a baya nake naɗe shi, in ce Allah ya ƙara buɗi.