Ladabin 'Yan Aji Ɗaya

Wani ne ya shekara uku yana yawon neman aiki, har takalminsa ya gaji da shi. Da ƙyar aka ɗauke shi gwaji a wata makaranta, aka haɗa shi da 'yan aji ɗaya. Mai makarantar ya ce masa, "Sati biyu na ba ka. In na zo na tarar yaran nan sun iya ladabi, aiki naka ne. In ba haka ba, ka san hanyar da ka biyo."

Gogan naku ya ɗauki abin da zafi. Ya jingine karatu da lissafi, kullum sai doka: ba a katse babba in yana magana. A ɗaga hannu a jira. In an ba da izini, gaisuwa tukuna. Babba ya yi tari, a ce masa sannu. Yara suka haddace tsaf.

Ranar da aka ɗiba, mai makaranta ya shigo yana baza babbar riga. Yara arba'in da biyu suka yi layi, kowa ya durƙusa ya gaishe shi shi kaɗai. Ana gamawa ƙurar alli ta sa shi tari. Sai suka sake yin layi.

"Sannu, Baba."

"Yauwa."

"Sannu, Baba."

"Yauwa."

Da tari na biyu ya taso, haɗiye shi ya yi, har idanunsa suka kawo ruwa.

Ya tsaya gaban allo ya fara yi musu nasiha. Wata 'yar mitsitsiya mai giɓi ta ɗaga hannu. Malam ya galla mata harara. Ta dai bar hannun a sama. Can wasu biyar suka ɗaga, sannan ajin gaba ɗaya. Mai makaranta ya zaci daɗin jawabin suke ji, ya ƙara minti goma. Malam kuwa sai murmushi, a ransa har ya ga kansa ma'aikaci.

Da mai makaranta ya gama, ya nuna yarinyar. "To, me ke bakinki?"

Ta fito, ta durƙusa. "Baba, ina kwana?"

"Lafiya. Faɗi."

"Ya gida? Ya su Mama? Ya gajiya?"

"Duk lafiya. Me ya faru?"

"Don Allah ka yi haƙuri, dama rina ce ta shiga hannun rigarka tun da ka fara magana. Ɗazu tana kafaɗa. Yanzu ta kai wuya."

Ya kai wa wuyan mari, rina ta rama. Hula ta yi gabas, tabarau ya yi yamma. Dattijo ya shiga kokawa da babbar riga yana zagaya tebur, yara na biye da shi a layi suna "sannu, Baba."

Da ya samu kansa, wuya ya kumbura suntum, ya juyo kan malamin yana huci.

"Kai, kwashe komatsanka ka fita daga makarantata."

Malam ya dubi yara, ya matso kusa, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, gaban yara ne. Ka ce 'don Allah'."